Irving Thalberg, yaron da ya riƙe MGM: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taso yana kallon Tom and Jerry ya san zakin nan da ke gurnani kafin a fara, wato tambarin kamfanin MGM (Metro-Goldwyn-Mayer). To mutumin da ya sa wannan zaki ya zama abun tsoro a harkar fim sunansa Irving Thalberg, kuma abun mamaki yawancin masu kallo ba su taɓa jin sunan ba, don shi da kansa ya hana a rubuta shi a jikin finafinansa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wai shi wanene ma?

Ba'amurke ne, an haife shi ranar 30 ga Mayu 1899 a Brooklyn da ke birnin New York, iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Jamus. Bai taɓa zama jarumi ba, ba darakta ba ne, bai riƙe kyamara ba. Aikinsa shi ne shugaban sashen shirya finafinai, da farko a Universal sannan a MGM daga 1924, kuma a shekara 12 da ya yi a MGM finafinai wajen 400 suka bi ta hannunsa. Ya rasu yana da shekara 37.

Da gaske ne likitoci sun ce ba zai yi tsawon rai ba?

Da gaske ne. An haife shi da ciwon zuciya, irin wanda jinin jariri ba ya samun isasshiyar iska har leɓensa da yatsunsa su yi shuɗi, likitoci suka faɗa wa uwarsa Henrietta cewa da wuya ya wuce 20, in ya yi dogon kwana 30. Yana saurayi kuma wani zazzaɓi mai kama gaɓoɓi ya kwantar da shi kusan shekara guda, ita uwar ba ta yarda ya zauna haka ba, ta dinga jido masa littattafai daga laburare yana karantawa a kwance, labarai da wasan kwaikwayo da falsafa, duk abun da ya samu. Ni a ganina nan ne ya yi makarantar fim ɗinsa ba tare da ya sani ba, don abun da ya fi kowa iyawa daga baya shi ne ya karanta labari ya ce maka ga inda ya karye.

Jami'a kuma bai yi ba. Mutumin da aka ce masa 30 ce iyaka ba zai je ya zuba shekara huɗu a aji ba, sai ya shiga ajin dare ya koyi buga tafireta da rubutun gaggawa na sakatarori ya fita neman aiki.

To yaya sakatare ya zama shugaban sitidiyo yana ɗan shekara 20?

Ya samu aiki a ofishin Universal na New York a kan dala 25 a sati, ba a daɗe ba mai kamfanin Carl Laemmle ya lura da shi ya mai da shi sakatarensa na kansa. Shi Laemmle wani dattijo ne ɗan ƙaramin jiki wanda ya cika kamfaninsa da dangi, ƙane da ɗan ƙane da suruki duk suna cin albashi, sitidiyon nasa kuma yana can Kalifoniya, tafiyar kwanaki a jirgin ƙasa, manajoji suna ta rigima da juna kuɗi na zurarewa. A 1919 ya tafi duba wurin ya ɗauki yaron, da zai dawo ya ce masa ka zauna ka sa min ido. Yaro ya sa ido, ya kawo bayanin cewa matsalar ita ce ba mutum ɗaya da ake jin maganarsa, Laemmle ya ce to kai ne mutumin. Ana ba da labarin cewa a farko ko cek ba ya iya sa wa hannu saboda bai kai 21 ba.

Ka ɗan ƙiyasta yanayin. Siririn yaro, fuska kamar ɗan sakandare, yana kiran daraktocin da suka haife shi ofis yana tambayarsu me ya sa fim ya wuce kasafi.

Mene ne rigimarsa da Erich von Stroheim da ake ta magana?

Wannan ita ce zuciyar labarin gaba ɗaya, in ka gane ta ka gane Thalberg. A wancan zamanin darakta shi ne sarki, a ba shi kuɗi ya tafi ya yi abun da ya ga dama ya kawo. Von Stroheim ɗan Austriya ne, gwani ne na gaske ba wasa, amma kashe kuɗi kamar ba gobe. Da yake yin Foolish Wives wanda ya fito a 1922 sai da aka gina masa kwafin dandalin Monte Carlo a Kalifoniya, kuɗin fim ya haura dala miliyan 1, har kamfanin ya mai da abun talla. Thalberg ya so ya taka masa birki amma ba dama, don mutumin shi ne darakta kuma shi ne babban jarumin fim ɗin, in ka kore shi a tsakiya duk abun da aka ɗauka ya tashi a banza.

Sai yaro ya koyi darasi. Da aka zo fim na gaba, Merry-Go-Round, ya tabbatar von Stroheim bai fito a ciki ba, umarni kawai zai bayar. Ana cikin shutin mutumin ya koma halinsa, a ƙarshen 1922 Thalberg ya sallame shi ya ɗora Rupert Julian ya ƙarasa. Hollywood ta girgiza, ɗan shekara 23 ya kori ɗaya daga cikin manyan daraktocin duniya. Daga ranar kowa ya san wuƙa da nama sun bar hannun darakta sun koma ofis.

Kuma labarin bai ƙare ba. Von Stroheim ya koma kamfanin Goldwyn ya yi Greed, fim ɗin da ya zuba ransa a ciki, har cikin hamadar Death Valley ya kai ma'aikata a tsakiyar zafi, ya haɗa abu mai tsawon sama da awa 8. Yana cikin neman yadda zai rage sai aka haɗe Goldwyn da wasu kamfanoni, ya waiwaya ya ga sabon ogansa, Thalberg. Gudun gara an faɗa gidan zago kenan. Aka datse fim ɗin ya dawo awa biyu da 'yan mintuna, ragowar kuma ta ɓace har yau ba a same ta ba. Masana fim har gobe suna jin haushin wannan, kuma ni ma da na ga abun da ya rage na fim ɗin na ji zafin. Amma fa a yi adalci, wane mai sinima ne zai haska fim na awa 8, tikiti nawa zai sayar a rana?

Me ya raba shi da Universal?

Kuɗi da kuma maganar aure. Ya yi musu aiki sosai, The Hunchback of Notre Dame na 1923 da Lon Chaney ya fito shi ya tsaya a kan a kashe masa kuɗi a yi shi babba, amma Laemmle ya ƙi ƙara masa abun kirki. Sannan an yi ta haɗa shi da 'yar mai gidan, Rosabelle, abun bai yiwu ba, kuma a kamfanin da dangi suka cika wanda ya ƙi zama suruki ai ya san matsayinsa. A farkon 1923 ya koma wajen Louis B. Mayer, wanda a lokacin ɗan ƙaramin kamfani gare shi.

Yaya aka yi MGM ta samu?

Wani attajiri Marcus Loew yana da gidajen sinima da yawa kuma yana buƙatar finafinan da zai dinga zuba musu kowane sati. Yana da kamfanin Metro, ya sayi Goldwyn mai katafaren sitidiyo a Culver City, amma ba shi da wanda zai riƙe, sai ya haɗo da kamfanin Mayer a Afrilun 1924, ba don girmansa ba sai don mutanen da ke ciki. Mayer ya zama shugaban sitidiyo, Thalberg yana da shekara 24 ya zama mai kula da duk finafinai, su biyu da lauyansu Robert Rubin aka yanka musu kashi 20 cikin 100 na riba. Shi Samuel Goldwyn da sunansa ke tsakiya ko kwana ɗaya bai yi aiki a MGM ba, an riga an fitar da shi daga kamfaninsa tun kafin haɗakar.

Gadon farko da suka ci shi ne Ben-Hur, ana ɗaukarsa a Italiya kuɗi na ta narkewa ba abun nunawa. Suka canja darakta suka canja jarumi, daga baya suka kwaso kowa suka dawo Kalifoniya aka sake gina filin tseren keken doki. Ya ci kusan dala miliyan 4, ya fito a 1925, kuma ana cikin haɗa shi ne zuciyar Thalberg ta buga, yana kwance a gado ana haska masa abun da aka ɗauka a jikin silin yana ba da umarni.

Wai me yake yi ne takamaimai, tunda ba darakta ba ne kuma ba ya rubutu?

A wajenmu in an ce furodusa yawanci ana nufin mai kuɗin fim ko wanda ya nemo kuɗin. Shi ba kuɗinsa ba ne, na kamfani ne, abun da yake bayarwa shi ne hukunci. Shi zai zaɓi labarin da za a saya, ya zauna da marubuta a dinga juya shi, wani lokacin ya ba marubuta biyu ko uku labari ɗaya ba wanda ya san da ɗan'uwansa, sai rubutu ya gamsar da shi sannan a kunna kyamara. Shi zai ce wane darakta, wace jaruma. A ƙarƙashinsa akwai masu sa ido irin su Harry Rapf da Hunt Stromberg da Bernard Hyman, kowa da finafinan da yake bi, duk suna kawo masa rahoto. Da wuya ka gan shi a wajen shutin, wurin zamansa ɗakin haska fim ne, yana kallon abun da aka ɗauka jiya.

Babban makaminsa kuma shi ne gwaji. In an gama fim ba za a sake shi ba, sai a ɗauke shi a kai wata sinima a wani gari na kusa irin San Bernardino a haska wa mutanen gari ba sanarwa, shi yana zaune a baya yana sauraron ɗakin, inda aka yi dariya, inda aka fara tari da motsi a kujera, inda wani ya tashi ya fita. Washegari a dawo a sake ɗaukar duk inda ya yi sanyi. Abun ya yi yawa har ana yi wa sitidiyon laƙabi da kwarin maimaici. Kuma hakan ya yiwu ne don jarumai da ma'aikata duk 'yan albashi ne a kan kwantiragi na shekaru, kayan sin ɗin suna nan a ajiye, kiran su kawai za a yi.

Misali ɗaya. The Sin of Madelon Claudet na 1931 da aka gwada shi 'yan kallo ba su so shi ba sam, wani kamfanin da sai ya jefa shi a kwandon shara ko ya sake shi haka nan a yi asara. Thalberg ya sa aka sake rubuta wasu wurare aka sake ɗauka, jarumar fim ɗin Helen Hayes ta ci Oscar da shi.

Me ya sa ba ya sa sunansa?

Ra'ayinsa shi ne yabon da mutum ya ba kansa ba shi da daraja. Wasu na ganin tawali'u ne, ni dai ina ganin akwai wani irin ji da kai a ciki, na wanda ya san duk wanda ya kamata ya sani ya riga ya sani. Sai bayan ya mutu MGM ta sa rubutun tunawa da shi a farkon The Good Earth na 1937.

Matarsa fa, gaskiya ne shi ya ɗaga ta?

Norma Shearer, 'yar Kanada, sun yi aure a Satumban 1927 bayan ta karɓi addininsa, suka haifi yara biyu, Irving ƙarami a 1930 da Katherine a 1935. Ta riga ta zama tauraruwa kafin auren, amma ba wanda zai ce zama matar oga bai taimaka ba, kuma Joan Crawford ta daɗe tana ƙorafin cewa manyan rol duk ita ake ba. Sai dai rol ɗin da ya ba ta Oscar a The Divorcee na 1930 shi bai ma so ya ba ta ba, yana ganin ba ta dace ba, ita ta je ta sa aka ɗauke ta hotuna ta kawo masa ta canja masa ra'ayi.

Yaya suka ƙare da Mayer?

Da farko kamar uba da ɗa. Mayer yana riƙe da siyasa da kuɗi da lallashin taurari, yaron yana yin finafinai, kuma tsarin ya yi aiki har MGM ta ci gaba da cin riba a shekarun karyewar tattalin arziki da suka fara a 1929, lokacin da irin su Paramount suka durƙushe. Amma sarki biyu a gari ɗaya sai a hankali. Jaridu suna ta kiran Thalberg yaro mai abun al'ajabi, Mayer yana jin kamar an mai da shi ɗan rakiya, shi kuma Thalberg yana ganin shi ke aikin don haka a ƙara masa kaso, ga Nicholas Schenck da ya gaji Loew a New York bayan rasuwarsa a 1927 yana wasa da su biyun.

A ƙarshen Disambar 1932 zuciya ta sake bugawa. Ya tafi Turai jinya da matarsa, har garin Bad Nauheim na Jamus inda ake kula da masu ciwon zuciya, yana can aka aiko masa da waya cewa an soke muƙaminsa. Mayer ya raba aikin ga furodusoshi da yawa, ciki har da surukinsa David O. Selznick mai auren 'yarsa Irene. Da ya dawo a 1933 sai aka ba shi sashensa shi kaɗai, yana yin finafinai 'yan kaɗan a shekara. An ce don lafiyarsa aka yi. Wataƙila da gaskiya a ciki, amma wanda ake tausayi ba a jira sai ya tsallaka teku sannan a janye masa kujera.

Bayan an rage masa iko ya sake yin wani abun kirki?

Sosai ma. Mutiny on the Bounty na 1935 ya ci Oscar na fim mafi kyau, na uku kenan a hannunsa bayan The Broadway Melody da Grand Hotel. Sannan ya ɗauko 'yan barkwancin nan Marx Brothers da tauraronsu ya fara dusashewa a Paramount, ya ce musu matsalarku dariya ce zalla ba labari, ba wanda ɗan kallo zai tausaya wa, a sa soyayya a sa mugu. Kafin a ɗauki A Night at the Opera sai da ya tura su garuruwa suna yin sin ɗin a kan dandamali gaban jama'a ana auna tsawon kowace dariya, don in an zo haɗawa a bar mata fili kar magana ta gaba ta nutse a ciki.

Su ne ma suka rama wa kowa wulaƙancin jira, don mutumin ya shahara da ajiye mutane a bakin ofis awa da awanni. Groucho, ɗaya daga cikinsu, ya sha ba da labarin ranar da Thalberg ya fita ya bar su a ofis, da ya dawo ya tarar sun tuɓe suna gasa dankali a murhun ɗumama ɗakinsa.

To ba shi da laifi ne? Duk yabo nake ji.

Yana da su, manya ma. Marubuta ya ɗauke su kamar ma'aikatan masaƙa, da suka tashi kafa ƙungiyarsu ya yaƙe ta da ƙarfinsa, ya goyi bayan wata kishiyar ƙungiya da kamfanoni ke so. A 1934 da marubuci Upton Sinclair ya tsaya takarar gwamnan Kalifoniya da manufar taimakon talakawa, MGM ta shirya wasu gajerun finafinai masu kama da labarai ana nunawa a sinima kafin fim, an tsara su yadda masu goyon bayan Sinclair za su fito kamar 'yan zaman banza, masu goyon abokin hamayyarsa Frank Merriam kuma mutanen kirki, kuma Thalberg ne ake danganta aikin da shi. Sinclair ya faɗi. Wato farfagandar bidiyo da muke kuka da ita a lokacin zaɓe ba yau aka fara ba.

Akwai kuma The Good Earth, labarin manoman Sin ne amma manyan rol biyun Turawa aka ba, Paul Muni da Luise Rainer, aka yi musu kwalliya, alhali ga Anna May Wong 'yar asalin Sin tana so. Trader Horn na 1931 da aka je gabashin Afirka aka ɗauka, in ka kalle shi yau yadda aka nuna baƙar fata sai ranka ya ɓaci. A ɗaya gefen a zamaninsa ne MGM ta yi Hallelujah a 1929 wanda duk 'yan wasansa baƙaƙe ne, abun da manyan kamfanoni ba su saba ba.

Yaya ya rasu?

Mura ce ta kama shi a wani hutun ƙarshen mako a farkon Satumban 1936, ta zama ciwon huhu, lokacin kuma ba irin magungunan da muke da su yanzu, ga zuciya dama lallaɓa ta ake. Ya cika ranar 14 ga Satumba 1936 a gidansa na Santa Monica. Ranar jana'iza MGM ta rufe, sauran kamfanoni suka tsai da aiki na 'yan mintuna. Ko a nan ma rigimar kuɗi ba ta mutu ba, kamfanin ya so ya yanke kason ribarsa daga magada, Norma Shearer ta tsaya tsayin daka sai da aka biya.

Kyautar Thalberg da ake bayarwa a Oscar ita ce tasa?

Ita ce. An kafa ta a 1937 don furodusoshin da suka daɗe suna fitar da aiki mai kyau, ba kowace shekara ake bayarwa ba. Darryl F. Zanuck ne ya fara karɓa, daga baya irin su Walt Disney da Alfred Hitchcock da Steven Spielberg. Shi ma yana cikin mutum 36 da suka kafa hukumar Oscar ɗin a 1927. Marubuci F. Scott Fitzgerald wanda ya yi aiki a MGM ya gina jarumin littafinsa na ƙarshe The Last Tycoon a kansa, bai ƙarasa ba ya mutu a 1940. Ginin ofis da aka sa wa sunansa yana nan a Culver City, sai dai yanzu filin na Sony ne.

In ina son in ga aikinsa da wanne zan fara?

In kana iya jure fim marar magana fara da The Big Parade na 1925, labarin yaƙin duniya na ɗaya ne wanda King Vidor ya ba da umarni, a kula da wurin da motocin soja ke tafiya yarinyar tana bin su a guje. In ba ka iyawa to Mutiny on the Bounty, akwai teku akwai mugun kyaftin, ba za ka yi barci ba. Greed kuma a bar shi sai an saba, akwai wani kwafi na 1999 mai kusan awa 4 da aka cike giɓin da hotunan da suka tsira, shi ne mafi kusa da abun da von Stroheim ya so a gani.